Babi na Bakwai: Take da Kurciya

A waƙoƙin Musa Ɗanƙwairo akwai wuraren da mai sauraro ke kasa cewa ga wanda ke jan waƙar. Jagora zai ɗauko ɗan waƙa, ya kai shi tsakiya, ya sake shi. Kafin maganar ta taɓa ƙasa wasu muryoyi sun cafe, sun ƙara mata abin da bai faɗa ba. Ba su dire ba, wasu sun karɓe daga bakinsu. Shi kuwa tuni ya zagaya ya ɓullo ta wata kafa da sabuwar magana, da siririyar muryar nan tasa mai ratsa kowace murya. A ƙarƙashinsu kotso na ta aikinsa, yatsu na dukan fata, ana matsa tsarkiya ana saki, sauti na hawa yana sauka. Sai can, daidai lokacin da ka fara zaton an yi nisan da ba a dawowa, duk su faɗo kan gindin waƙa baki ɗaya.

Ba da ka ya same ta ba. A Ɗankadu ta ƙasar Bakura aka haife shi, farkon ƙarnin da ya wuce, a gidan da kiɗa ne abincinsu. Mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗin noma ne, kuma makaɗin Sarkin Kayan Maradun. Da ƙungiya ta koma hannun wansa Abdu Kurna, Musa ya zama Daudun Kiɗi, wato na biyu a jeri. Shekaru ya yi yana tsaye a bayan wani yana karɓa kafin ya tsaya a gaba. Ina ganin nan ne asirin salon nasa. Wanda ya koyi waƙa daga baya ya san nauyin da ’yan amshi za su iya ɗauka, don haka da jagoranci ya zo hannunsa bai ji ƙyashin sakar musu magana ba. Har ya rasu a 1991 ba a raba sunansa da wannan salo ba.

Manazarta irin su Farfesa Sa’idu Muhammad Gusau na Jami’ar Bayero sun ba waɗannan abubuwa suna. Akwai amshi, maimaita gindin waƙa ke nan. Akwai ƙari, inda yara ke cike abin da jagora ya fara. Akwai karɓeɓeniya, inda ’yan amshin ke rabuwa suna miƙa wa juna magana. Wannan ba ya yiwuwa a tsaye nan take, irin yadda Mamman Shata kan ƙirƙiri waƙa a gaban jama’a. Makaɗan fada a gida suke shirya waƙa, su tisa ta, su sake tisawa, har kowa ya san gaɓar da zai shiga da wadda zai fita. Ƙasar Zamfara kuwa ba ta rasa irinsu ba. Mafara ta yi Ibrahim Gurso. Faru, can cikin ƙasar Maradun, ta haifi Sa’idu Faru, wanda ya yi wa Muhammadu Macciɗo waƙoƙi yana Sarkin Kudu, sarautar da ya riƙe a Talatar Mafara shekaru masu yawa kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Sai dai Sa’idu malamin magana ne, ya fi son a ji ta daga bakinsa. Ɗanƙwairo ne ya mai da tarwatsewar muryoyi da haɗuwarsu ado.

Turawa suna da wani ginin kiɗa da suke kira fuga, wanda aka kafa shi kacokan a kan wannan tarwatsewa da haɗuwa. Murya ɗaya ce ke farawa ita kaɗai, da wani ɗan gajeren kiɗa da bai wuce numfashi biyu ko uku ba. Mu kira shi take. Tana gamawa sai murya ta biyu ta ɗauki taken nan daidai, amma a sama, da tazarar matakin sauti biyar. Ta farkon ba ta yin shiru. Ci gaba take yi da wani kiɗa dabam wanda aka auna shi ya zauna da taken ba tare da sun yi karo ba. Ta uku ta shigo, ta huɗu ta shigo, kowace da taken a bakinta, kowace kuma da inda ta nufa bayan ta sauke shi. Daga nan take ya ɓace. Muryoyi su yi ta yawo da ɓarɓashinsa, sai ka ji ya ɓullo a can ƙasa cikin babbar murya, ko a tsakiya inda ba ka sa kunne ba. Gwani kan kifar da shi, inda yake hawa ya sauka, inda yake sauka ya hau. Yakan ja shi ya ninka tsawonsa. Wajen ƙarshe yakan matse muryoyin, wata ba ta gama ba wata ta faɗo, irin luguden mata uku a turmi ɗaya, taɓarya na tashi taɓarya na sauka ba mai bugun ’yar’uwarta. Abin da zai ba ka mamaki, sau da yawa mutum ɗaya ne ke fitar da muryoyin nan duka da yatsunsa goma a kan madannai, in ogan ɗin coci ne kuma har da ƙafafunsa.

Uban wannan fage shi ne Johann Sebastian Bach, Bajamushe, haihuwar 1685, wanda ya rasu a Leipzig a 1750. A 1722 ya haɗa littafi mai fuga 24, bayan kamar shekara 20 ya ƙara wasu 24. Shi ma makaɗin fada ne kafin ya koma aikin coci, kuma ya ɗanɗani abin da makaɗan fada suka sani: ba a barin ubangida sai da yardarsa. A 1717 ya matsa wa mai sarautar Weimar lamba a sallame shi, aka rufe shi kusan wata guda. (Ɗanƙwairo ma sai da amincewar Sarkin Kaya ya je ya zama makaɗin Sardauna Ahmadu Bello.) A 1747, yana tsoho, Sarki Frederick na Prussia ya karɓe shi a fadarsa ta Potsdam, ya buga masa wani take mai wuyar sha’ani, ya ce ya gina masa fuga a kai. Nan take ya yi mai murya uku. Sarki ya nemi mai shida. A kan wannan taken dai sai da Bach ya koma gida ya zauna, sannan ya aiko da ita a rubuce.

Akwai masu son su ce ai mu ma muna da fuga, ga Ɗanƙwairo nan. Ba na cikinsu, kuma ba na ganin Ɗanƙwairo yana bukatar wannan alfarma. A karɓeɓeniya muryoyi bin juna suke yi, gefe da gefe kawai suke haɗuwa, kuma magana ce sarauniya. Dole sarki ya ji zugarsa kalma kalma, dole ɗan sarkin da ake yi wa zambo ya ji abin da aka ce da shi, in ba haka ba an yi aikin banza. Ga shi Hausa harshe ne mai karin sauti, ka kifar da hawa da saukar kalma ka kashe ma’anarta. A fuga kuwa muryoyi huɗu na magana lokaci guda, ba jagora ba yaro, in ma akwai kalmomi sukan nutse. Tun a ƙarni na 16 manyan cocin Katolika suka yi ƙorafin cewa irin wannan cuɗanyar muryoyi tana hana jama’a jin abin da ake rerawa. Inda fuga da karɓeɓeniya suka haɗu shi ne aikin da suke ɗora wa mai sauraro. Dole ka riƙe gindin a kanka lokacin da ba a yin sa. In ka sake shi, abin da ya rage hayaniya ce. In ka riƙe, duk nisan da aka yi daɗi yake ƙarawa, don ka san inda za a sauka.

Bahaushe ya san take fiye da haka ma. Take suna ne da aka faɗa da ganga. Ɗan dambe na zaune a gefen fage yana hira, a kaɗa takensa, ka ga tsuma ta kama shi ya miƙe. Manomi a gayya ya ji nasa ya ƙara duƙawa. Bach ya yi wani abu mai kama da wannan. A tsarin Jamusawa haruffa ne sunayen sautuka, kuma B da A da C da H duk suna ciki. A fugar ƙarshe ta babban aikin da ya bari bai kammala ba, ya shigo da sunansa a matsayin take, ya fara haɗa shi da sauran, sai rubutun ya yanke a tsakiyar shafi. Ɗansa ya rubuta a wurin cewa a nan mai kiɗan ya rasu. Masana da yawa ba su yarda haka abin ya faru ba, amma shafin na nan a yadda aka bar shi.

Asalin sunan fuga gudu ne, shi ya sa likitocin ƙwaƙwalwa na ƙarshen ƙarni na 19 suka kira wata cuta da shi. A wannan karon mutum ne ke tafiya, taken nasa kuma ba ya biyo shi.

Ranar 17 ga Janairu 1887 wani kafinta mai wa’azi, Ansel Bourne, ya shiga banki a Providence ta Amurka, ya ciri dala 551, ya hau keken doki, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. An yi cigiya a jarida, ’yan sanda sun nema, shiru. Can a Norristown ta jihar Pennsylvania kuwa wani baƙo mai suna A. J. Brown ya kama shago, yana sayar da takardu da alewa da ’yan tarkace. Mutum ne mai shiru, yana dafa abincinsa, yana zuwa coci, ba wanda ya ga wani abu a tare da shi. Da safiyar 14 ga Maris ya farka a firgice, ya buga wa maƙwabta ƙofa yana tambayar ina ne nan. Ya ce shi Bourne ne, bai san shago ba, bai san Brown ba, abin da ya sani jiya yana Providence. Suka ɗauka ya zautu. Sai da aka buga tangaraho wani ɗan’uwansa ya zo ya shaida shi. Bayan shekara uku masanin halayyar ɗan Adam William James ya sa shi irin barcin nan da likita ke jawowa da magana, sai ga Brown ya dawo, yana ba da labarin tafiyar tiryan tiryan, amma ya ce Bourne dai ya taɓa jin sunansa. James ya yi ƙoƙarin haɗa su wuri ɗaya, bai yi nasara ba.

Na Faransa ya fi wannan ban tausayi. Albert Dadas ma’aikacin kamfanin iskar gas ne a Bordeaux. A 1886 wani ɗalibin likita, Philippe Tissié, ya same shi a gadon asibiti yana kuka. Ba ciwo ne ya sa shi kuka ba, cewa ya yi ba ya iya hana kansa tafiya. Ya ji an ambaci sunan wani gari, sai ciwon kai da gumi su taso masa, sai ya kama hanya, wani lokaci kilomita 70 a yini ɗaya, a ƙasa. Ya farfaɗo a gefen titi ko a ɗakin ’yan sanda, ba kuɗi, ba takardu, bai san yadda ya zo ba. Ya kai Aljeriya, ya kai Santambul. A 1881 ya faɗa Mosko daidai lokacin da ake farautar waɗanda suka kashe sarkin Rasha. Baƙo ba takarda, ba bayani, aka kama shi cikin ’yan tawaye, ya yi zaman kurkuku, sannan aka tasa ƙeyarsu zuwa iyakar Turkiyya.

Wannan ba haukan da muka sani a titi ba ne. Mai fuga ba ya tuɓewa, ba ya jifa, ba ya surutai. Zai biya kuɗin mota ya ƙirga canjinsa. In manomi ne hannunsa bai manta fartanya ba, in mai salla ne Fatiha na bakinsa. Abin da ya rufe shi ne labarin kansa: sunansa, garinsu, wa ya haife shi, wa ya haifa. Yakan ɗauki sa’o’i ko kwanaki, wani lokaci watanni. In ya buɗe kuma sai abin ya juye, ya tuna rayuwarsa ta da, tafiyar ce ke ɓacewa. Ba kasafai ake samunsa ba, kuma tun 2013 littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke aiki da shi ya daina lissafa shi cuta mai zaman kanta, ya sa shi ƙarƙashin mantuwar da firgici ke haifarwa. Kusan kullum akwai abin da ya gabace shi: yaƙi, mutuwar da aka gani da ido, bashin da ya fi ƙarfin mutum, kunyar da ba ta ɗaukuwa.

Karanta wa kowace tsohuwa labarin Dadas, ba za ta bari ka kai ƙarshe ba. Kurciya aka yi masa.

Wata dattijuwa a ƙasar Bakura ta ba ni labarin ɗanta, muna zaune a zaure tana ɓarar gyaɗa. Ran Talata ya ja akuya zuwa kasuwar Mafara. An ga ya sayar, an ga ya karɓi kuɗi, daga nan ba wanda ya ƙara ganinsa.

“Ɗana, lahiya lau yat tashi,” in ji ta. “Yay yi sallatai, yas sha hura. Ko hwaɗa bai yi da kowa ba.”

Na ce, “Inna, ba a neme shi ba?”

“Ina ne ba mu tahi ba? Har rediyo munka kai cigiya.”

Malam ya ba ta laya ta rataya a ƙofar ɗakinsa, ya ce ta riƙa kiran sunansa da asuba. Kiranye ke nan, maganin kurciya. Damina ta wuce, aka yi girbi. Sai wani ɗan garinsu mai kai albasa Kudu ya gan shi a kasuwa yana dako, ana kiransa da wani suna. Ya yi masa sallama, ya amsa kamar yadda ake amsa wa baƙo. Ya kira sunansa na yanka, bai waiwayo ba. Sai ya kira shi da sunan da kakarsa ke tsokanarsa da shi yana yaro. Ya ajiye kayan da ke kansa, ya zauna a ƙasa, ya daɗe, sannan ya tambayi ina akuyarsa.

Ita ba ta da shakka kan wadda ta yi masa aikin, har ta nuna mini wajen gidan da haɓa. Sai da na tashi tafiya, cikin wata hira dabam, ta ambaci cewa kwanaki kaɗan kafin Talatar nan yana cikin waɗanda suka shiga daji kwaso gawarwaki bayan an kai hari wani ƙauye kusa da su, kuma abokinsa na ƙuruciya na cikin waɗanda ya ɗauko. A wurinta wannan labari ne dabam, ba abin da ya haɗa shi da wancan.

Sunan kurciya ya rufe abubuwa da yawa. Akwai wanda bashi ya kora, akwai ɗan cirani da bai samo komai ba yana jin kunyar dawowa hannu rabbana, akwai wanda ya gaji da gida kawai ya shiga uwa duniya, akwai mai taɓin hankali na sosai. Masu fuga na gaskiya ’yan kaɗan ne a cikinsu. Ba na raina wannan bayani, don akwai rahama a cikinsa. Ana cewa kowa ya bar gida gida ya bar shi, amma wanda aka yi wa kurciya gida ba ya barinsa. Ba laifinsa ba ne, ɗakinsa na nan, uwarsa na kiran sunansa kowace asuba, ranar da ya dawo ba mai tuhumarsa. Illarsa biyu ce. Laifin da aka ɗauke masa a kan wani ake ɗora shi, yawanci kishiyar uwa ko ɗan’uba, gaba ta ƙullu har jikoki. Sannan abin da ya kore shi na nan ba a taɓa shi ba, yana iya sake korarsa.

’Yan bori ma sun san fita daga kai da mantuwar da ke biyo baya, sai dai su sun yi wa abin shinge. Kowane iska da takensa, mai goge ko mai garaya ya kaɗa, ya hau, ya yi abin da zai yi, a yi atishawa ya sauka. Wanda aka hau ya ce bai san abin da ya faru ba, amma a inda ya faɗi a nan yake tashi, cikin mutanen da suka san shi, suna riƙe da zanensa. Tun da Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari’a a Gusau a watan Oktoba 1999 wannan harka ta koma bayan fage, masu ruƙiyya suka karɓi yawancin masu zuwa. Ko can ɗin, ko nan, akwai masu riƙe wa mutum sunansa har ya dawo.

Abin da ke damuna shi ne masu riƙewar ne ke watsewa. Ƙasar nan ta taɓa ganin tashin ƙauyuka. Da kamfanin Impresit na Italiya ya gama madatsar ruwan Bakolori a 1978, ruwa ya ci gonaki da gidajen dubban manoma, rigimar diyya ta kai ga harbin da ’yan sandan kwantar da tarzoma suka yi a Birnin Tudu da kewaye a watan Afrilu 1980. Gwamnati ta ce mamatan ba su kai 30 ba, mutanen wurin suka ce ɗaruruwa ne. Amma wancan tashi ne na lokaci ɗaya, an san inda kowa ya koma. Na yanzu ba ya ƙarewa. A shekarar 2021 kaɗai, an kwashe ’yan matan makarantar Jangebe ta ƙasar Mafara ranar 26 ga Fabrairu, aka sako 279 bayan kwana huɗu. An shiga kwalejin aikin gona ta Bakura a watan Agusta. An ɗebi ɗalibai 73 a Kaya ta Maradun ranar 1 ga Satumba. Bayan wannan aka katse layukan waya a jihar, kasuwannin mako kuwa tuni an rufe su. Waɗannan su ne suka shiga jarida. Na ƙauyuka, wanda ya kai kuɗin fansa aka riƙe shi, wadda aka kashe mijinta a gabanta, ba mai lissafinsu. Duk abin da littattafan likita suka ce yana jawo fuga, a nan ya zama abin yau da kullum. Wanda kuwa ya ɓace daga ƙauyen da ya tashi, wa zai kai cigiyarsa? In ma ya farfaɗo ya koma, kango zai tarar.

Ga kuma hatsarin da ya fi kusa. A da, baƙon da ya sauka tasha bai san inda za shi ba, masallaci zai kwana, wani ya miƙo masa tuwo. Yau tambaya uku ake yi masa, a shingen ’yan sa-kai ko a bakin kasuwa. Daga wane gari? Ɗan wane ne kai? Wa ka sani a nan? Su ne daidai tambayoyin da mai fuga ba shi da amsarsu. Ga shi da hankalinsa, tufafinsa ƙalau, maganarsa daidai, don haka ba mai yi masa uzurin mahaukaci. Mutum lafiyayye da ya ƙi faɗin garinsu, a Zamfarar yau sunansa infoma. Ba na zargin mutanen da aka sha kai wa hari don sun yi tsoro, da dalilinsu. Amma kowa ya san an kashe mutane a kasuwannin jihar nan kan zargin da bai kai wannan ba. Dadas ya ci sa’a, Rashawa kora suka yi.

In Allah ya sa an kai shi asibiti, likita ba da fuga zai fara ba, ita ce ta ƙarshe a lissafi. Zai duba ko an bugi kai. Zai tambayi farfaɗiya, don akwai irin wadda ba ta kayar da mutum, sai dai ya yi ta tafiya ko ’yan tattaɓe-tattaɓe na mintoci bai sani ba. Zai duba zazzaɓin da ya hau kai, da sukarin jini, da ƙwaya, musamman tiramol da makamantanta da suka cika gari. In tsoho ne, ruɗewar tsufa. Akwai kuma mai yin ƙarya don ya tsere wa bashi ko shari’a, kuma raba shi da na gaskiya ba ƙaramin aiki ba ne ko ga gwanaye. In duk an kawar da waɗannan, babu wata allura da ke dawo da suna. Wuri ake ba shi mai natsuwa, a daina yi masa tambayar ’yan sanda, a nemo nasa, a kawo masa abin da ya saba gani da ji. Yawanci abin yakan buɗe da kansa. Aikin gaske bayan nan yake, don abin da ya gudu dominsa shi ne farkon abin da zai tarar, kuma a wannan gaɓar ce ake tsoron mutum ya cutar da kansa. Masu wannan aiki kuwa ’yan ɗaruruwa ne a duk Nijeriya. Bakura da Mafara da Maradun kowace ta ba Zamfara gwamna, Yarima da Abdul’aziz Yari da Bello Matawalle, amma har gobe in ciwon ƙwaƙwalwa ya yi tsanani sunan da ke bakin kowa Kware ne, asibitin tarayya da ke gaba da Sakkwato.

Wasu na ba da shawarar wanda ya taɓa yin irin wannan tafiya ya riƙa yawo da takarda a aljihu, da sunansa da lambar wani nasa. Shawara ce mai kyau, an kuma daɗe da gwada ta. Babban likitan Paris Jean-Martin Charcot yana da wani majiyyaci, ɗan aiken wani kanti, wanda kan fita karɓo kuɗin maigidansa ya ɓace. Charcot ya ɗauki abin farfaɗiya ce, ya ɗora shi a kan magani, ya kuma rubuta masa takarda mai bayanin ciwonsa. A farkon 1889 mutumin ya farfaɗo a Brest, can bakin teku, bayan kwanaki, da sauran kuɗin mutane a aljihu. Ya je wurin ɗan sanda da ƙafarsa neman taimako, ya nuna takardar. Ɗan sanda ya dubi kuɗin, ya rufe shi a matsayin ɓarawo. Ya yi kwanaki a tsare, sai da maigidansa ya aiko daga Paris cewa yaronsa ne, ya daɗe yana yi masa aiki kuma bai taɓa cin amanarsa ba, sannan aka sake shi.